Yadda ake farautar aksiyon a cikin gangar tagulla

A Jami'ar Washington da ke birnin Seattle na Amurka akwai gwajin ADMX, inda ake neman aksiyon, wata 'yar ƙwaya da ake zaton ita ce ɓoyayyen abin nan da ke riƙe da tarin taurari amma ba ya ba da haske. Dabarar ta masanin kimiyya Pierre Sikivie ce, tun 1983: idan aksiyon ya ratsa maganaɗisu mai ƙarfi, jifa-jifa yakan rikiɗe ya zama igiyar rediyo.

Maganaɗisun yana da ƙarfin tesla kusan 8. A cikinsa ake zura ganga mai rufin tagulla, tsawonta wajen mita ɗaya, cikinta ya haura lita 100. Gangar ba ta amsa sai zangon da ya dace da girmanta, nauyin aksiyon kuwa, wanda shi ke yanke zangon igiyar, har yau ba a san shi ba. Don haka aka sa sandunan ƙarfe a ciki, ana gusa su kaɗan-kaɗan kamar mai murɗa akwatin rediyo yana neman tasha. A kowane zango a saurara na kusan daƙiƙa 100, sannan a matsa gaba.

A ganina ba maganaɗisun ne wahalar aikin ba, hayaniya ce. Ƙarfin siginar da ake jira bai wuce wat ɗaya da aka raba da 1 mai sifili 23 a bayansa ba. Ɗumin gangar kaɗai ya isa ya binne shi. Shi ya sa ake sanyaya ta da firjin hiliyom har wajen digiri 0.15 sama da ƙarshen sanyi. Amfilifayar, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ita ma matsala ce: irin wadda ba ta ƙara hayaniya sosai ba ta jure maganaɗisu, dole a ɗaga ta can sama, a kewaye ta da wani naɗin waya da ke soke ƙarfin maganaɗisun. Haka kuma a wasu wuraren sandunan kan sa zangon da ake so ya cakuɗe da wani, gangar ta kurumce, a bar giɓi sai an dawo an cike.

Idan sigina ya ɓullo, ba a murna tukuna. A sake auna wurin sau da dama. In ya nace, a rage ƙarfin maganaɗisu: na aksiyon zai ragu zuwa kwata idan aka rage rabi, kutsen na'urorin waje kuwa ko gezau. Har siginar bogi ake cusawa a ɓoye don a gwada masu nazarin, kuma wannan tsarin yana burge ni ƙwarai.

A 2018 ADMX ya sanar cewa ya share zangon megahaz 645 zuwa 680 da ingancin da ake buƙata, bai ga komai ba. Hawa sama ya fi wuya, domin babban zango na buƙatar siririyar ganga, ita kuma siginarta rauni gare shi. Wannan ƙullin ne gwaje-gwajen HAYSTAC a Jami'ar Yale da MADMAX a Jamus ke ƙoƙarin kwancewa.