Kakar 2024 ta yi rabi, kuma kwatabak ɗin da suka sha yawo ne ke riƙe da ƙwallon jami'o'in Amurka

Wajen ƙarfe huɗu na dare ne, daren Asabar 12 ga Oktoban 2024 wayewar Lahadi, ina zaune a kan tabarma a soron gidanmu a Gwale, an ɗauke wuta tun magariba, wayata a jone da fawa bank, sauro sai aikinsa yake a ƙafata amma ko a jikina. Wasan ƙwallon jami'o'in Amurka nake kallo, Oregon na da 32, Ohio State na da 31, saura daƙiƙa shida. Will Howard, mai jefa ƙwallo na Ohio State, ya karɓi ƙwallo ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, sai ya zuba da gudu ta tsakiya, ya zame ƙasa don a tsayar da agogo a buga ta raga, kafin ya ɗago lokaci ya ƙare. Wallahi sai da na dafe kai, na daɗe a haka. Yaron nan ya yi wasa mai kyau tun farko har ƙarshe, daƙiƙa ɗaya tal ta kwance masa zani a kasuwa.

Na san a Kano in ka ce ƙwallo to Firimiya ake nufi ko Laliga ko Pillars ɗinmu, ni ma a nan na tashi. Yayana da ya je karatu Amurka shi ya koya min wannan wasa shekarun baya, in ya zo hutu sai ya zaunar da ni ya ce, "Ƙanena daina bin ƙwallon da ido, kalli mai jefa ta, shi ne wasan." Mai jefawar nan shi ake kira kwatabak, shi ne ƙwaƙwalwar tim, shi ke karanta yadda abokan hamayya suka tsaya kafin a fara, shi ke yanke shawara cikin daƙiƙa biyu zuwa uku yayin da ƙarti masu nauyin buhun masara da rabi ke rugowa kansa. Tun daga lokacin nake bin wasan, kuma kakar 2024 ɗin nan ban taɓa ganin irinta ba.

Abin da na lura da shi kuma shi ya sa na zauna rubutun nan a ƙarshen Oktoban 2024: kusan duk tim ɗin da ke tashe a kakar 2024, kwatabak ɗinsu ba ɗan gida ba ne, baƙo ne da ya sha yawo ya sha wuya a wani wuri. Dillon Gabriel na Oregon ɗan Hawai ne, bahago, ya fara a jami'ar UCF ta Florida ya koma Oklahoma, a 2024 ya koma Oregon, shekararsa ta shida ke nan a wasan jami'a. Shi kansa Howard daga Kansas State ya zo. Cam Ward na Mayami ya fara ne a wata ƙaramar makaranta Incarnate Word a Teksas saboda manyan ba su kula shi ba, ya wuce Washington State, sannan Mayami. Kurtis Rourke na Indiyana ɗan Kanada ne da ya yi shekaru a jami'ar Ohayo. Riley Leonard na Notre Dame daga Duke. Tun da aka sassauta dokar sauya makaranta, kuma tun Yulin 2021 aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, abin ya koma kamar kasuwar 'yan wasa ta Turai, koci ba ya jiran ɗan shekara 18 ya nuna, sai ya je ya ɗauko wanda ya riga ya gasu. Akwai masu cewa hakan ya ɓata wasan, ni dai ban yarda ba, yaron da ake cika filin mutum dubu ɗari saboda shi, ƙashinsa ke karyewa, ai yana da haƙƙi ya nemi inda za a daraja shi.

A cikinsu duka wanda ya shiga raina shi ne Diego Pavia na Vanderbilt. Gajere ne a ma'aunin kwatabak, babu babbar makarantar da ta neme shi da ya gama sakandare, ya fara daga kwalejin soja ta New Mexico, ya koma New Mexico State, a can ma a 2023 ya je har gida ya lallasa Auburn 31 da 10. Vanderbilt kuwa a 2023 wasa 2 kacal suka ci suka sha kashi a 10, sun kasance kurar baya a rukunin SEC na jami'o'in kudu maso gabas shekara da shekaru, makaranta ce da aka fi sani da karatu. Ranar 5 ga Oktoba Alabama ta zo Nashville tana lamba ɗaya a ƙasar. An fara tara da kwata na dare agogonmu, ina wurin mai shayin layinmu na sa iyafis a kunne ɗaya, na ce bari in ɗan leƙa in ga yadda za a yanka su. Sai ga shi ba haka ba. Pavia ya riƙe ƙwallo ya ƙi saki, yadi uku yadi huɗu yadi biyar, in an matse shi ya sulale da ƙafarsa, in sun matso ya jefa ta bayansu, Vanderbilt suka riƙe ƙwallo sama da minti 42 cikin 60, masu tsaron Alabama har harshe suka fitar. Aka tashi 40 da 35, rabon da Vanderbilt ta ci Alabama tun 1984. Ɗalibai suka tumɓuke ƙarfen raga suka ɗauka a kafaɗa suka ratsa gari da shi suka jefa a kogin Cumberland. Mai shayi ya ga na miƙe tsaye ina ta kabbara, ya ce, "Malam lafiya, wa aka ci?" Na ce Baba yau tururuwa ce ta kayar da giwa, ya ce to Allah ya ƙara, ya ci gaba da fifita wutarsa.

Shi kuwa Cam Ward ina sonsa amma yana ɗaga min hankali. Irin 'yan wasan nan ne masu sanyin jini da ba sa firgita, yana tsaye kamar yana jiran a-daidaita-sahu ana rugowa kansa, sai ya jefa ta gefe ta inda ba ka zata ba. Da Cal, wato jami'ar Kalifoniya, an ba Mayami ratar maki 25 suka dawo suka ci 39 da 38, wasan da aka fara uku da rabi na dare a nan, na yi sallar asuba na dawo ana kai. Kafin nan da Virginia Tech ma da ƙyar suka sha, 38 da 34, sai da alƙalai suka koma bidiyo suka soke jifan ƙarshe. Mayami ba a ci su ba har zuwa ƙarshen Oktoban 2024, amma bayansu a buɗe yake, ana zura musu maki kamar ba gobe, kuma tim ɗin da kullum sai kwatabak ya yi abin mamaki kafin su tsira, wata rana abin mamakin ba zai zo ba.

Sai maganar kociyoyi. Nick Saban na Alabama ya ajiye aiki a Janairun 2024 bayan ya ɗauki kofin ƙasa sau 7, ɗaya a LSU shida a Alabama, aka ɗauko Kalen DeBoer daga Washington. Gadon irin wannan mutum ba ƙaramin kaya ba ne. Ranar 28 ga Satumba da Alabama suka ci Jojiya 41 da 34, bayan sun yi gaba 28 da nema an kamo su har an wuce, sannan yaro ɗan shekara 17 Ryan Williams ya cafke jifan kwatabak ɗinsu Jalen Milroe ya juya ya yi yadi 75, kowa ya ce shi ke nan an samu magaji. Sati ɗaya tsakani Vanderbilt ta ci su, sannan Asabar 19 ga Oktoba Tennessee ta ci su 24 da 17. Ni ban ga laifin DeBoer sosai ba, mutumin ya kai Washington wasan ƙarshe a kakar 2023, amma ladabin da aka san Alabama da shi ya ragu, laifuffukan banza sun yi yawa, shi kuma Milroe in an toshe masa hanyar gudu aka ce sai ya jefa, abin yana yi masa wuya. Mishigan ma haka, Jim Harbaugh ya ɗauki kofi ya tafi Los Angeles Chargers, Sherrone Moore ya gaji kujera babu tsayayyen kwatabak, har mutum uku ya gwada. Florida State kuwa abin tausayi, a 2023 sun ci 13 babu faɗuwa aka hana su gurbi a wasannin neman kofin ƙasa, a 2024 tun wasan farko a Dublin Georgia Tech ta ci su, wasa 1 suka ci cikin 7 na farko. Su ma baƙon kwatabak suka ɗauko, DJ Uiagalelei, abin bai karɓe su ba, don haka ba kowane baƙo ne ke zuwa da alheri ba, sai koci ya san irin wanda ya dace da tsarinsa.

Wanda ya san hakan shi ne Curt Cignetti na Indiyana, kuma a wurina shi ne kocin rabin kakar nan babu tantama. Dattijo ne ɗan shekara 63 a 2024, ya yi wa Saban mataimaki a Alabama, ya bar wurin ya je ƙananan makarantu ya yi ta cin wasa babu mai kallonsa, har James Madison. Da aka tambaye shi yadda zai jawo 'yan wasa Indiyana, makarantar da aka fi sani da ƙwallon kwando, cewa ya yi shi mai cin wasa ne, a duba sunansa a Google. Mutane suka ce cika baki ne. Ya kwaso yaransa da yawa daga James Madison, ya ɗauko Rourke, tim ɗin da a 2023 ta ci 3 ta faɗi 9, a 2024 ta fara da cin 7 a jere, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa shiga gabansu a maki ba. Nebraska ta zo suka yi mata 56 da 7. Damuwata ɗaya Rourke ya ji ciwo a babban yatsan hannun da yake jifa a wasan nan, kuma babban gwajinsu na nan tafe ranar 23 ga Nuwamba a gidan Ohio State.

Dan Lanning na Oregon shi ma sai an yaba masa, a wasan Ohio State ɗin nan saura daƙiƙa goma ya bar mutum 12 a fili maimakon 11, aka ci su tarar yadi biyar amma daƙiƙa huɗu suka tafi ba su dawo ba, har sai da hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta fito da gyaran dokar bayan kwana kaɗan. Ryan Day kocin Ohio State kuwa a lokacin wuta na ƙarƙashin kujerarsa, sau uku a jere Mishigan na cinsa, mutanen Kolumbus, garin Ohio State, ba za su yafe na huɗu ba.

Abin da ya sauya lissafin kowa shi ne a 2024 aka faɗaɗa wasannin sili ɗaya ƙwale daga tim 4 zuwa 12. A tsarin 2024, zakarun rukuni biyar mafi matsayi suna da gurbi kai tsaye, huɗun farko cikinsu su huta zagayen farko, kuma zagayen farkon a filayen makarantu za a buga shi cikin sanyin Disamba, wasan ƙarshe a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025. A da faɗuwa ɗaya na iya kashe maka kaka, yanzu Notre Dame da Northern Illinois ta ci a gida 16 da 14 tana nan da ranta, Jojiya ta faɗi a Alabama ta je Austin ta ci Teksas 30 da 15 ta koma lamba biyu. Amma Carson Beck, kwatabak ɗin Jojiya, yana ba ni tsoro, sau uku aka tare jifansa a Alabama, sau uku a Teksas, masu tsaron baya ne suka ɗauke shi a kafaɗa. Teksas kuma sun shiga rikicin zaɓen kwatabak, Quinn Ewers ko Arch Manning, har sai da aka zaunar da Ewers na ɗan lokaci ana 20 da nema.

In aka tambaye ni a rabin kakar 2024, Oregon ce ta fi kowa cika, Gabriel ba ya ɓarnar ƙwallo kuma ya ga komai a rayuwarsa ta wasa. Ohio State na biye, kar a manta maki ɗaya ne kuma a gidan mutane, ga masu cafke jifa Jeremiah Smith da Emeka Egbuka wanda sunansa kaɗai ya isa ka san jininmu ne na Najeriya. Jojiya ta uku. Penn State ba a ci su ba amma sai na ga abin da za su yi da Ohio State ranar 2 ga Nuwamba kafin in saki jiki da su. Gurbin ƙananan rukunai kuwa ina yi wa Boise State fata saboda Ashton Jeanty, ya wuce yadi 1,200 da ƙafarsa a wasa 6, yana bin tarihin Barry Sanders na yadi 2,628 tun 1988, kuma maki uku kacal Oregon ta ba su. Kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan shekara tsakaninsa da Travis Hunter na Kolorado take a ganina, wanda ke buga gaba da baya a wasa ɗaya, ko da yake kwatabak aka fi ba wa.

Kwamitin da ke zaɓen tim 12 ɗin zai fitar da jerin farko ranar 5 ga Nuwamban 2024. Kafin nan Asabar 26 ga Oktoba Navy da ba a ci ba za ta haɗu da Notre Dame ƙarfe biyar na yamma agogonmu, sannan Teksas za ta je gidan Pavia tara da kwata. Wuta ta yi mana wuya kwanakin nan, don haka tun Juma'a bayan masallaci zan kai fawa bank wurin mai caji in sayi data, na kuma gaya wa Baba mai shayi ya ajiye min bakin bencin nan da sabis ya fi kamawa.