Yaro ya kawo hujja, mu kuma muna can muna farautar waƙafi

Duk malamin firamare da ya taɓa ba yara aikin "rubuta ka gamsar da wani" ya san ciwon kan da ke zuwa lokacin maki. Lissafi da sauƙi ai, bakwai sau takwas hamsin da shida ne, ko yaro ya ci ko bai ci ba, ba a jayayya. Amma a ce ga yaro ɗan aji huɗu ya cika rabin shafi yana so ya shawo kan hedimasta a ƙara musu lokacin hutu, to me za ka auna a nan? Kyawun rubutun hannu? Tsawon abin? Ko kuwa ko ka gamsu da abin da ya ce?

Abin da na lura da shi, kuma ba a wajen mutum ɗaya ba, shi ne jan biro yana da inda yake son zuwa. Da an buɗe littafi sai ya nufi babban baƙin da ba a sa ba, ayar da aka manta, kalmar da aka rubuta ba daidai ba, saboda waɗannan su ne ido ke gani nan take kuma ba sa buƙatar ka tsaya ka yi tunani, kafin ka ankara ka yi wa shafin ja-ja-ja ka ba da maki ka wuce na gaba, alhali ainihin abin da ka ce yaron ya yi, wato ya kawo ra'ayi ya kare shi, ko kallonsa ba ka yi ba.

Ɗauki yara biyu. Ta farko rubutunta tsaf, sakin layi biyar cif, ta ce a ƙara lokacin hutu, na farko saboda hutu yana da daɗi, na biyu saboda yara suna son wasa, na uku saboda wasa abu ne mai kyau, a ƙarshe ina fatan na gamsar da ku. Babu kuskure ko ɗaya. Na biyu kuwa rubutunsa sai ka matso da littafin kusa da ido, ba aya ba waƙafi, amma ga abin da ya ce: idan aka tashe mu hutu layin bayan gida kaɗai yake cinye rabin lokacin, sai mu koma aji ba mu gama ba, shi ya sa a darasin bayan hutu kowa ke ɗaga hannu yana neman izinin fita, na san hedimasta zai ce lokacin karatu zai ragu amma mintunan da za a ƙara mana ai su ne dama muke ɓatawa wajen neman izini.

Idan ba a yi hattara ba ta farkon ce za ta tashi da maki mai yawa. Amma fa dalilanta uku dalili ɗaya ne aka sauya masa riga sau uku, kuma babu ko ɗaya da zai motsa hedimasta, don hedimasta bai taɓa musun cewa yara na son wasa ba. Shi ko na biyun ya lura da wani abu a zahiri, ya haɗa shi da matsalar da ta dami malamai su ma, sannan ya hango abin da za a ce masa ya tare shi tun kafin a faɗa. Wannan a ɗan shekara tara ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

Kada wani ya ɗauka malaman firamare ne kaɗai ke da wannan matsala. A 1961 wani masani a Amurka, Paul Diederich, da abokan aikinsa sun ɗauki insha'i 300 na ɗaliban da suka shiga jami'a suka ba mutum 53 masu ilimi daga fannoni daban-daban, har da malaman jami'a da lauyoyi da editoci, aka ce kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 9, ba tare da an ba su wani ma'auni ba. Kashi 94 cikin ɗari na insha'in sun samu maki iri bakwai ko takwas ko tara daban-daban, kuma babu ko guda da ya samu ƙasa da iri biyar. Takarda ɗaya, wannan ya ce ta fi kowace, wancan ya ce shara ce. Da suka bincika sai suka ga kowa da abin da yake kallo, wani tunanin da ke ciki, wani tsari, wani ƙa'idojin rubutu, wani zaɓen kalmomi. To idan manya masu digiri haka suka yi, ina ga malami ɗaya da tulin littattafai a gabansa da dare ga gajiya.

Shi ya sa aka koma ga jadawalin maki, a raba abin gida-gida, kowane gida da makinsa. Ina goyon bayan haka, amma da sharaɗi, don shi ma jadawalin yana iya zaluntar hujja idan ba a duba yadda aka raba makin ba. Misali a Ostareliya akwai jarrabawar ƙasa da ake kira NAPLAN, 'yan aji 3 da 5 da 7 da 9 ke yin ta, kuma tun 2011 aka fara ba su rubutun gamsarwa. Abubuwa 10 ake dubawa, jimillar maki 48. A ciki, rubuta kalmomi daidai yana da 6, alamomin rubutu 5, ginin jimla 6, amma dabarun jan ra'ayi 4 ne kacal, tunanin da yaro ya kawo kuma 5. Wani masanin koyar da rubutu daga Amurka, Les Perelman, ya caccaki tsarin a 2018 a kan cewa ya fi ba saman rubutu muhimmanci a kan abin da aka faɗa. Ni dai ko ba masani ba, da ka haɗa lambobin za ka ga inda nauyin ya karkata. Kuma yara ba wawaye ba ne, malamai ma haka, duk inda maki yake can za a bi.

Abin da nake ganin ya fi, a karanta rubutun sau biyu. Karatun farko a ajiye biro gefe, da gaske nake, a ajiye shi, ka karanta kamar kai ne wanda aka rubuta wa. Tambayoyin da nake yi wa kaina ba su da yawa. Na gane abin da yaron yake so ko sai na yi ta lalube? Dalilin da ya kawo ya riƙe ra'ayin ko dai yana zaune ne kusa da shi kawai? Ya kawo wani abu da ya gani ko ya sani da zai tsaya wa dalilin? Ya tuna da wanda zai karanta kuwa?

Tambaya ta biyun nan ita ce ta fi wuya kuma a nan nake daɗewa. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya yi bayani a 1958 cewa hujja ba iƙirari da shaida kaɗai ba ce, akwai abu na uku da ke haɗa su, wato abin da ya sa wannan shaida take nuna wancan iƙirari. Yawanci ba a faɗinsa a fili, kuma nan ne yara ke zamewa. Yaro zai rubuta "a daina ba mu aikin gida saboda yayana ma ba a ba shi", kalmar saboda tana nan daram, a jadawali za ka iya sa alamar ya kawo dalili, amma me ya haɗa yayansa da ajinsu? Babu. Wani kuma zai ce "a rage aikin gida saboda idan malamai uku suka ba mu rana ɗaya ba ma gamawa sai mu kwafa a wajen juna da safe", wannan haɗin a fili yake, aikin da aka kwafa bai koya wa kowa komai ba, kuma malami ba zai so jin haka ba amma ba zai iya musu ba. Idan jadawalinka ƙirga dalilai kawai yake yi, uku maki uku, biyu maki biyu, to ka koya wa yara su cika lamba ke nan. Ni dalili ɗaya mai ƙarfi da aka bi shi har ƙarshe ya fi min uku na iska.

Sai dai a yi adalci ga shekaru. Ɗan aji ɗaya da ya rubuta ina son kaza saboda kaza ya yi aikinsa, a yaba masa. A manhajar Common Core da jihohi da yawa na Amurka suka ɗauka daga 2010, abin da ake nema a firamare har aji biyar shi ne rubutun ra'ayi, yaro ya faɗi matsayinsa ya kawo dalilai ya haɗa su da kalmomi irin su saboda da misali, cikakkiyar muhawara sai aji shida, ambaton ra'ayin ɗaya ɓangaren kuma sai aji bakwai ake wajabta shi. Ke nan idan ɗan aji huɗu ya ce "na san za a ce kaza amma", ƙari ne ya yi, a ba shi ladansa, wanda bai yi ba kuma kada a yanke masa. Masu bincike biyu a Kanada, Carl Bereiter da Marlene Scardamalia, sun nuna a 1987 cewa ƙananan marubuta yawanci zazzage abin da ke kansu suke yi a takarda, wanda ya fara zuwa shi ke fara sauka, ba tare da sun tsaya sun sake tsara shi don mai karatu ba. Haka ƙwaƙwalwar take aiki a wannan matakin, ba lalaci ba ne.

Karatu na biyu ne na biro. A nan a duba aya da waƙafi da sakin layi, a ba su makinsu daban a wani gida daban, kada su taɓa makin hujja. Ba cewa nake ba su da amfani ba, rubutun da ba ya karantuwa ba zai gamsar da kowa ba, amma yaron da ke da kai mai kyau da hannu mai rauni ya kamata ya ga a takardarsa cewa an lura da kan nasa. Akwai ma yaran da idan ka ce su faɗa maka da baki sai su jero maka hujja har ka rasa amsa, hannun ne bai kamo bakin ba tukuna, irin waɗannan minti biyu na hira kan nuna maka abin da takardar ta ɓoye.

Wani tarkon kuma shi ne son rai. Yaro ya rubuta cewa malamai su ma a riƙa ba su maki, ko a soke jarrabawa gaba ɗaya, sai ka ji ranka ya ɗan sosu, kafin ka sani ka fara ganin kurakuran da ba ka gani ba a takardar wanda ya ce a riƙa girmama malamai. Ba ra'ayin muke yi wa maki ba. Idan ana da abokin aiki, a yi musayar 'yan takardu a rufe sunaye kowa ya ba da makinsa sannan a zauna a ga inda aka saɓa, gardamar da za a yi a wajen ta fi kowane jadawali gyara ido. Wasu makarantu a Ingila ma sun koma kwatanta takardu bibbiyu, a nuna wa malami guda biyu ya ce wacce ta fi, a yi ta haka da malamai da yawa har jeri ya fito, don mutum ya fi iya cewa wannan ta fi waccan a kan ya ce wannan 7 ce ko 8.

Sai abin da za a rubuta wa yaron a ƙasa. Ruth Butler ta yi wani gwaji a Isra'ila a 1988 da 'yan aji biyar da shida, wasu aka ba su maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai, wasu duka biyun. Waɗanda aka ba sharhi kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru, masu maki da sharhi tare kuwa kusan daidai suka tashi da masu maki zalla. Kowa ya san dalili, yaro na ganin lamba ya leƙa ta maƙwabcinsa ya rufe littafi. Don haka a daftarin farko ni na fi son tambaya ɗaya tak a madadin lamba, irin "idan hedimasta ya ce babu lokaci me za ka ce masa?" ko "ta yaya ka san haka?", a bar shi ya sake rubutawa, makin ya zo a na biyun. "Da kyau" da "ƙara ƙoƙari" ba sharhi ba ne, yaro bai san me zai yi da su ba.

Tambayar "ta yaya ka san haka" tana da wani amfanin kuma. Da zarar yara sun gane cewa lamba tana burge malami sai ka fara ganin "kashi 90 na yara sun yarda da ni" ko "likitoci sun ce", alhali ba wanda ya ƙirga kowa kuma ba likitan da aka tambaya. A wasu jadawalan wannan har maki yake samu a matsayin dabarar jan ra'ayi. Ni ba na ba shi ko ɗaya, kuma ba na faɗa, sai dai in ce wa yaron ya je ya tambayi 'yan ajinsu da gaske, ya ƙirga hannu, ya dawo ya rubuta abin da ya samu ko da rabin ajin ne kawai suka goyi bayansa.