Darussan da na koya a kan XT 600 kafin in bar garajin maigida

Waɗanda suka saba kawo mini gyaran babur sun je garaji ba su same ni ba, wasu har gida suka biyo ni suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Ni na ajiye aikin da kaina, ba korata aka yi ba, ko da yake na ji a wata fada ana ba da labarin ta wani gefen daban. Ba zan kama suna ba. 'Yan sana'a a Damagaram sun san garajin, sun san maigidan, to wannan ya isa.

Abincinmu a garin nan ƙananan babura ne, masu girman inji daga cc 100 zuwa 150: Kasea, Haojue, Boxer ta 'yan kabu-kabu, sai DT 125 ta ma'aikatan furoje masu shiga ƙauyuka. Ƙarfinsu doki 10 ne ko sama kaɗan. Irin wannan babur yana da yafiya. Ka murɗe totur har ƙurya ba zai yi maka komai ba, ka taka birkin baya kaɗai zai tsaya, in abu ya ɓaci ka sauke ƙafa ka ja ƙasa. Da yawanmu mun girma a kansa muna ganin mun iya tuƙi, alhali baburin ne ba shi da ƙarfin da zai tona mana asiri.

Sai maigida ya sayo wani tsohon Yamaha XT 600, okaziyo, wato na hannu, daga hannun masu kawo kaya ta Kwatano. Ya zo a mace, injin ba ya ko tari. Silinda ɗaya gare shi, iska ke sanyaya shi, giya 5, tayar gaba inci 21, ƙarfinsa ya kai ninki huɗu na Kasea. Gidan da ya fito ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Gasar Paris-Dakar ta farko, wadda aka gama a farkon 1979, Cyril Neveu ne ya cinye ta a kan XT 500, kuma a 1983 Yamaha ta fitar da XT 600 mai babban tanki ta sa masa suna Ténéré, sunan hamadarmu. Dattawan Agadez sun ga wucewar waɗannan babura da idonsu. Yaran garaji suka tsaya suna kallonsa, ba wanda ya yarda ya sa hannu, sai aka turo mini. Na wanke kabureta, na sake wayoyin wuta da ɓera ya ci, na daidaita bawul, na yi ta fama da shi bayan kowa ya tashi. Ran da injin ya tashi, mai shayin bakin titi sai da ya leƙo.

Hawan farko a kan hanyar Mirriya na yi shi, da sassafe. Gudun bai ba ni mamaki ba, na san zai yi gudu. Abin da ban saba da shi ba shi ne yadda yake amsawa tun daga ƙasa: ka ɗan motsa wuyan hannu ya fizge ka gaba, ka saki totur injin ya riƙe tayar baya ya jefa ka kan tanki. Ga tsawo, da ƙyar yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa, ga nauyi. Na dawo na gaya wa maigida cewa wannan ba abin gwadawa a cikin gari ba ne, tsakanin adaidaita da amalanke da yara 'yan makaranta. Ya ce in kai shi duk inda na ga dama, shi dai a tabbatar ya gyaru. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Filin tsere irin na MotoGP da muke kallo a waya, mai kwalta sumul da tsakuwa a gefe don tare wanda ya zame, ba mu da shi. Abin da muke da shi fako ne a bayan gari, wani wajen tauri kamar daɓe, wani wajen rairayi. Ni da wasu abokai, ɗaya mai faci ne ɗaya kuma direban furoje, muka kwaso tsofaffin tayu muka jera su, muka fitar da zagaye mai kwana huɗu da miƙaƙƙen layi ɗaya. Ranar Lahadi bayan asuba muke zuwa, kafin rana ta yi zafi. Doka biyu muka kafa: kowa gefe guda yake bi, kuma ba kaske, wato hular kwano, ba hawa. Wani yaro ya zo da silifa da hular sanyi yana son a ba shi zagaye ɗaya, muka sa shi riƙon ruwa.

A filin nan na koyi abin da shekarun garaji ba su koya mini ba, don kwana ɗaya kake maimaitawa har ka gane laifin hannunka ne ko na babur. Direban furojen ne malaminmu a rairayi, shi da ya sha hanyar Tanut da ta Gure. Ya ce in miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, in mayar da nauyina baya, in matse tanki da gwiwa, in sassauta hannu. Kan babur zai yi ta rawa a cikin rairayi, ka ƙyale shi ya yi rawarsa. Da ka tsorata ka saki totur, nauyi ya koma gaba, tayar ta nutse, kai kuma ka ci ƙasa. A rage wa tayu iska kaɗan, a riƙe mai daidai, shi ke nan. A kwana kuwa, ana gama rage gudu ne tun kafin a shiga, sannan a riƙa ƙara mai a hankali ana fita. Ido kuma shi ke tuƙi. In ka zuba wa tayar da aka ajiye ido don kada ka buge ta, ita za ka buga. Ka kalli mafita, babur zai bi ka.

Birki shi ne babban karatun. Mu nan an tarbiyyantar da mu da tsoron birkin gaba, wai yana kayar da mutum, har za ka ga ɗan kabu-kabu ya kwance nasa gaba ɗaya. A rairayi, haka ne, a yi hattara da shi. Amma a ƙasa mai tauri da kan kwalta, mafi yawan tsayuwa daga gaba take zuwa, domin da ka fara rage gudu nauyi kan tayar gaba yake komawa, ta baya ta yi sakayau. Ba damƙa ake yi ba, matsawa ake yi kaɗan-kaɗan har tayar ta zauna, sannan a ƙara. Muka ja layi a ƙasa muka riƙa auna tsayuwa da taku. Lissafin ba ya canzawa: in gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninki huɗu take yi. Mai gudun 80 yana bukatar fili huɗu na mai gudun 40, kuma XT yana kai ka 80 kafin ka gama gyara zama.

Wurin wannan awon ne na gano ciwon baburin. In na matsa birkin gaba sau uku ko huɗu a jere da ƙarfi, sai hannun birkin ya yi laushi ya kusa taɓa totur. Na duba da kyau. Robar da ke tare mai a shokozoban gaba na gefen faifan birki ta mutu, man yana tsiyaya yana bin ƙarfe har ya jiƙa falaket, wato abin da ke matse faifan birki. Tiyon birki ya tsattsage. Man birkin ya yi baƙi ƙirin, alhali mai ne da ke shan danshi, ana so a sake shi duk shekara 2. Tayar gaba tana da zane, amma ta bushe. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma tamu ta haura shekara 10. A zagayen unguwa ba za ka taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Babur zai tsaya maka lafiya lau a gudun 30.

Na samu maigida yana zaune a kan bencinsa, na ce, "Maigida, moton nan injinsa ya yi, amma gabansa bai yi ba. Sai an aika Kano an sayo roba da tiyo da falaket da taya."

Ya ce, "Nawa ke nan?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, kuɗin da na zuba a moton nan bai isa ba? Wanke shi da fetur, ka goge man. Ai yana tsayawa."

Na ce yana tsayawa a hankali, ba ya tsayawa a guje. Ya ce wanda zai saya ba tsere zai yi ba. Na sake tayar da maganar washegari a gaban yara biyu, ya ce in na fi shi sanin sana'a in buɗe nawa garajin.

Wanda ya saya ɗan wani Alhaji ne ɗan kasuwa, saurayi mai hankali, ba irin masu ɗaga taya a rakiyar amarya ba. Bai taɓa hawan abin da ya wuce 125 ba. An yi cinikin ranar da aka aike ni gyara a waje, na dawo na tarar wurin baburin fayau. Na nemi yaron, na same shi da yamma, na ce ya zo fili ranar Lahadi in nuna masa hannu, kuma kada ya yarda da birkin gaba sai an gyara. Ya ce maigida ya tabbatar masa komai sabo ne. Tsakanin maganar mai garaji da ta yaron garaji, wacce zai ɗauka?

Bai kai Lahadin ba. A hanyar Magarya amalanken shanu ya hau masa kwalta, ya matsa birki, hannun birkin ya tafi bai kama ba. Ya karye a cinya da ƙashin wuya. Allah ya sa yana da kaske, kasken ya tsage biyu.

Alhajin ya zo garaji da kansa, ba hayaniya, ya tsaya ya tambayi abin da ya faru. Ina tsaye riƙe da sifana, maigida ya nuna ni ya ce, "Alhaji, ga wanda za ka tambaya. Ni moto lafiyayye na ba shi. Shi ne yake sace shi duk Lahadi yana tsere da abokansa a daji har ya cinye birkin." Mutumin da ya ce in kai babur duk inda na ga dama. Na juya wajen yaran nan biyu da aka yi maganar a gabansu, duk suka sunkuyar da kai suna wanke abin da ba ya bukatar wanki. Ban ga laifinsu ba, a nan suke cin abinci. Alhajin ya dube ni ya ce, "Ɗana, haka aka yi?" Na ce, "Baba, na hau shi a fili da izini, kuma na faɗi abin da ke gare shi kafin a sayar." Maigida ya ce in kawo shaida. Ba ni da ita. Daga ƙarshe aka sasanta a kan za a taimaka da kuɗin asibiti, kuma daga cikin haƙƙina aka riƙa yanka.

Na zauna har aka gama yankan, don kada a ce na gudu da bashi, sannan na kwashe kayan aikina da na saya da kuɗina.

Ga 'yan'uwa kanikawa, musamman masu tasowa: duk ciwon da ka gani a birki ko taya ko sitiyari, kada ka tsaya a faɗa da baki. Ɗauki hoto, ka tura wa mai abin ta WhatsApp, ka yi masa murya, ka bar ta a wayarka. Wasu iyayen gida suna da mantuwa mai zaɓe. Izinin fita da abin hawan da ba naka ba ma, haka.

Ga mai son tashi daga 125 zuwa babba, in da hali ka bi ta 200 ko 250 tukuna. Kuɗin kaske da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu cikin kuɗin babur suke, in ba su shiga lissafi ba to kuɗinka bai kai ba. Tsohon babur daga gaba ake fara dubansa, injin ya zo daga baya. Matatar iska a wanke ta a kai a kai lokacin hunturu. Man kwalba na 'yan ruwa-ruwa a tace shi. Kada ka ba aboki aron babban babur don kunya.

Filinmu yana nan, kuma yanzu mun fi da yawa. Yaron Alhajin ya fara takawa da sanda, ya zo kallo sau ɗaya, shi ya riƙe mana agogo. Ni kuma na kafa rumfata. Makon jiya maigida ya aiko yaro, wai wata Honda babba ta gagare su, in zo in duba. Na ce a turo ta rumfa, kuɗin aiki irin na kowa ne, kuma rabi kafin in taɓa.