Talata: ajin yamma da zancen jarrabawa

Ruwa ya kwana yana zuba, don haka kasuwar Mile 12 da ke nan Legas yau caɓi ce tun daga bakin ƙofa har rumfunan albasa. 'Yan dako sun ƙara kuɗi, ba kuma wanda ya ga laifinsu. Tsohuwar albasa ce a hannunmu, ajiyar rani, kullum sai an zazzage buhu an tsince ruɓaɓɓu. Ciniki dai ba yabo ba fallasa.

Da hantsi ƙanena ya kira daga Aliero. Tun daga sallamarsa na ji muryar ba daidai take ba. Ya ce, "Yaya, sakamakon WAEC ya fito." Lissafi B3, fiziks da kemistiri da bayoloji duk ya samu kiredit, amma Ingilishi D7. Taki ɗaya ya rage masa ya taka C6. Yaron nan ya yi ƙoƙari a JAMB, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi nan cikin garinmu, da ƙafa ma sai ya je. Sai dai ƙa'ida kiredit biyar ce, kuma dole Ingilishi ya kasance a ciki. Na ce ya yi haƙuri ya jira na NECO, tunda ita ma ya zauna, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa. Ya ce to. Irin "to" ɗin da ke nufin a bar ni in ji da abin da ke damuna.

Alhaji ubangidana yana gefe yana jinmu. Ya ce, "Kai da kake zuwa koyon Turanci da gemunka, ai sai ka koya masa." Na ce ranka ya daɗe, ni ma jan ciki nake. Aka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai har yamma.

Ajinmu yana Ketu, a ɗakin wata ƙaramar makarantar kuɗi da muke shiga bayan Magariba, lokacin yara sun daɗe da tashi. Kujerun na yara ne, gwiwar mutum har ƙirji. Yawancinmu Hausawa ne: 'yan albasa, 'yan tumatir, masu Keke, wani dattijo mai gadi, da mai shayi ɗan Maraɗi. Sai wasu mata Yarabawa masu sayar da kifi. Malamarmu Bayarabiya ce, ta yi ritaya daga koyarwa. Dokarta ta farko, ba Buroka, wato Turancin kan titi, a aji. Dukkanmu muna da Buroka, da shi muke ciniki, da shi muke faɗa da kwandastan danfo. Amma ba ya rubuta wasiƙa, ba ya cike fom a banki, shi ya sa muke zuwa.

Kamar ta san abin da na kwaso, darasin yau a kan tsarin makarantu ne da jarrabawa. Ta zana tsani a allo: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. Ta ce an fara aiki da wannan tsari a 1982, ita kuwa tsohon ta yi, na shekara biyar a sakandare. Daga baya aka haɗe tara na farko a matsayin ilimin tushe, cikin shirin UBE da aka ƙaddamar a 1999. A kowane mataki ta rubuta jarrabawar da ke tsaye a bakin ƙofa. An kafa WAEC a 1952, ƙasashe biyar ke cikinta: Nijeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya, kuma babban ofishinta na ƙasar nan yana nan Yaba. NECO ta zo a 1999, hedikwatarta a Minna. JAMB tun 1978, darussa huɗu, maki 400, kuma ko me za ka karanta, ɗaya daga cikin huɗun Ingilishi ne. Ko digirin Hausa kake nema sai ka bi ta nan. Wannan ya sa dattijo mai gadi girgiza kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

Ba don mu haddace shekaru ta kawo su ba. So take mu yi ta maimaita jimlolin abin da ya wuce. A nan Bahaushe ke shan wuya. A harshenmu sai ka ce na ci, zan ci, nakan ci, kalmar aikin tana zaune inda take, na gabanta ke sauyawa. A Turanci ita kanta kalmar aikin ake murɗawa, wasu a ƙara musu wutsiya, wasu kuwa su rikiɗe gaba ɗaya ba dalili, sai dai hadda. Ga kuma tsohuwar rigimarmu da harafin p da f. Matan Yarabawa suna mana dariya, mu ma muna ramawa idan suka haɗiye h a farkon kalma. Malama ta ce a takardar WAEC akwai sashe guda na furuci kaɗai, ban da insha'i ko wasiƙa, da auna fahimta, da taƙaita labari, da zaɓi ka cike. Nan na fara hango inda ƙanena zai iya zubar da maki. Yaron da bai taɓa jin ana Turanci a gida ko a layi ba, a makaranta ma da Hausa ake fassara masa darasi, an ce ya ware sautukan da kunnensa bai saba da su ba.

Sai ta karanta mana wani ɗan labari a kan Ingila da Amurka. A Ingila yara suna zana GCSE suna da shekara 16, sannan su yi shekara biyu su zana ta gaba, yawanci a darussa uku kacal, digiri kuma shekara uku. Abin da ya ba ni dariya, a makin GCSE tun 2017 lamba 9 ce ƙololuwa. Mu a nan F9 ita ce faɗuwa warwas. Amurka aji goma sha biyu ne a jere kafin kwaleji. Ba mu daɗe a kansu ba, ba wanda ke da ɗa a can.

Aji ya ɗau zafi ne da ta ce kowa ya tashi ya ba da labarin karatunsa da Turanci. Mai shayi ya fara. Ya ce a Nijar firamare shekara shida ce, sai huɗu a zana BEPC, sai uku a zana bakaloriya. Azuzuwan sakandare ana ƙirga su ne daga sama zuwa ƙasa, ka shiga a na shida, ka zana BEPC a na uku. Maki bisa 20 ne, wanda ya kai 10 ya tsira. Rabin bayaninsa Faransanci ne ya sa masa hular Turanci, Malama tana gyarawa yana ƙara kwaɓawa, amma kowa ya gane.

Da layi ya zo kaina na dubi tsanin da ke allo, ban ga inda zan dafa ba. Bokona bai wuce firamare ba. Na ce Malama, ni karatuna na allo ne, ba ya cikin zanenki. Ta miƙo mini alli ta ce to zana naka.

Na zana. Na fara daga babbaƙu, inda yaro ke sanin haruffa tsurarsu, sai farfaru a sa musu wasali, sai ya fara haɗa su yana karantawa. Na gaya musu Alƙur'ani izu sittin ne, daga ƙananan surori ake farawa ana yin sama. Na kwatanta allo da tawada da alƙalamin kara. Na ce Alhamis da Juma'a ne hutunmu. Na jero matakai: kolo, titibiri, gardi, har zuwa alaramma, wanda ya haddace ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka, sai gwani a samansa. Inda kalma ta ƙare mini na yi da hannu, ta ba ni kalmar, na maimaita, na wuce. Tunda na shiga ajin nan ban taɓa yin doguwar magana da Turanci irin ta yau ba. Dalili kuwa a fili yake. Sauran darussa a kan filin jirgi ne ko otal, abubuwan da sai na ƙirƙiro. Wannan kuwa na san shi tun ina zama a gaban wutar kiskadi, kalmomi kawai nake nema.

Ɗaya daga cikin masu kifi ta tambaya, to yaushe kuke jarrabawa? Na ce kullum. Ba ka wanke allonka sai ka biya wa malam ya ji ba gyara. In ka kakare, ka koma ka zauna da shi, gobe ka dawo. Ba wanda zai ja ka gaba don sa'o'inka sun wuce, ba kuma wanda zai ce ka jira baɗi. Manya masu satu suna rubuta allo da ka su kawo gaban alarammomi a darasu, a bi shi harafi harafi, ko ɗigo aka rasa sai an nuna. Ta ce to satar amsa fa? Na ce wa za ka leƙa, kai kaɗai ne a durƙushe gaban malam, kuma da baki ne. Aji ya kwashe da dariya, don kowa ya san labarin wuraren da ake biya a rubuta wa yara amsa.

Ni a ganina wannan ya fi adalci ga mai koyo. Yaro ya yi shekara shida a sakandare, sai a yanke masa hukunci da abin da ya rubuta cikin 'yan sa'o'i, ko da zazzaɓi ya tashi ran nan. Na faɗi haka, da Turancina mai ɗingishi. Malama ba ta yarda duka ba. Ta ce malaminka ya san ka, ya san ubanka, shi ya sa shaidarsa ta isa a garinku. Amma jami'ar da dubbai ke nema ba ta san kowa ba. Takarda ɗaya ake ba ɗan minista da ɗan mai kifi, rana ɗaya, kuma mai dubawa bai san fuskar kowa ba. Sannan ta tambaye ni, ran da ka yi sauka, wace takarda aka ba ka da za ka nuna a Legas? Allon zayyana aka yi mini, aka yanka rago, aka yi walima. Allon yana rataye a ɗakin Inna har yau. Maganarta tana da ƙamshin gaskiya. Amma takardar da ta ce ɗaya ce, ai ba da harshe ɗaya yaran suka tashi ba. Jikokinta da Turanci suke neman ruwan sha. Wannan amsar a danfo ta zo mini, tsakanin Ketu da Mile 12, kuma da Hausa. Zan shirya ta da Turanci kafin zama na gaba.

Kafin mu tashi na gaya mata zancen ƙanena. Ta ce kada ya zauna jiran NECO hannu rabbana. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, ya yi rajistar ta. Ya nemi tambayoyin shekarun baya, ya fi ba sashen taƙaitawa ƙarfi, don a cewarta yara da yawa kwafe jimlolin labarin suke yi sukutum, alhali da kalmominsu ake so su faɗa, a gajarce. Kuma ya riƙa rubuta wani abu kullum, ko layi biyar ne, wani ya duba masa. Aikin gida namu kuma, wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ana neman wa yaro gurbi, da adireshi biyu da kanu da komai.

Bayan na rama Isha'i na kira yaron na faɗa masa duka. Na ce daga yau duk saƙon da zai turo mini a WhatsApp da Turanci zai rubuta, in na kasa gyarawa in kai wa Malama. Ya ce, "Yaya, har gaisuwa?" Na ce har gaisuwa. Ban gama shan shayina ba saƙon farko ya shigo, layi uku, ba kuskure ko ɗaya da idona ya gani. Kuɗin rajista yake nema.