Parsel ɗin da na kusa saye a bakin filin jirgi

Shekara 11 ina haya a unguwar Zango, nan Damagaram, duk wanda ya yi haya a garin nan ya san ciwon, wata bai ƙare ba mai gida na tsaye bakin ƙofa. To bara sai wani dillali da muke gaisawa a kasuwar Dole ya ce mani akwai gonar da ake yankawa parsel parsel, wato filayen gina gida, ta wajen filin jirgi, mai girman murabba'in mita 300 a kan jika 800 kacal. Na hau bayan kabu-kabu muka je, wuri a kan tudu, iska mai daɗi, ga wasu har sun zuba bulo. Na ce ai kusa da jirage ne, ya yi dariya ya ce jirgi nawa ke sauka Damagaram a sati, nan ba Yamai ba ce. Wallahi maganar ta shige ni, nan take na ba da jika 150 kafin alƙalami, mai gona ya sa hannu, shaidu biyu suka sa.

Ni a raina etaj zan yi, wato bene, ƙasa shago biyu sama iyali, in ɗora tankin ruwa a can bisa, don kowa ya san halin ruwa a Zinder, in ba ka da tanki kai da 'yan ga-ruwa ne har abada.

Kawun matata ya yi aiki shekaru a filin jirgi kafin ya yi ritaya, na kai shi ya gani don ya sa albarka. Ko kallon filin bai yi ba, ya juya yana kallon yadda pist ɗin, wato titin tashi da saukar jirgi, ya miƙe, can ya ce "Ɗana, nan ba gefen pist ba ne, a kan goshinshi kake." Na ce "Kawu ai da nisa." Ya tsuguna ya zana mani a ƙasa da tsinke. Ya ce a dokar jiragen sama ta duniya, daga ƙarshen pist akwai hanyar da ake barin wa jirgi a sama, tana tashi a hankali kamar gangara, a manyan filaye mita 2 cikin kowane mita 100, wato in kana da nisan mita 500 tsawon da aka yarda ginin ka ya kai bai wuce mita 10 ba. Kuma abin da ya kashe ni, awon daga ƙasan pist ake fara shi, ba daga ƙasan filinka ba, tudun nan da nake yabo shi kanshi ya riga ya cinye rabin rabona. Etaj da tanki da eriya, lissafi ya ƙi.

Ya ci gaba, wai ko gefe kake akwai iyakar mita 45 da ta kewaye fili har wajen kilomita 4, wannan bai dami talaka ba sai masu antenar waya. Sai kuma juji, ba a son shara ko mahauta kusa don ungulu da shirwa, tsuntsu ɗaya in ya shiga inji ya isa. Daga nan ya tuna mani da jirgin da ya faɗa kan gidajen mutane a Gwammaja ta Kano a 2002 jim kaɗan bayan tashinshi, sama da mutum 100 suka rasu, da yawansu suna cikin gidajensu ne. Na yi shiru. Ya ce kuma batun wai jirage kaɗan ne, fili ba ya zama yadda yake, ranar da aka tashi ƙara tsawon pist ta goshin nan za a bi, mai takarda cikakkiya a yi mishi lissafin diyya, mai guntuwar takarda ya sha zarya.

Kwana biyu ina yawo tsakanin meri, ofishin magajin gari, da wajen mai awon filaye. Aka buɗe taswira, ashe wurin ba ya cikin lotisma ko kaɗan, wato filayen da hukuma ta yanka don gini, gona ce kawai, babu lambar ilo ta rukunin filaye, babu born na shaidar iyaka ko ɗaya, hanyar da dillali ya nuna mani da ƙafa ba ta kan kowace takarda. Takardar hannuna shaida ce cewa na ba mai gona kuɗi, ba akt de sesiyo ba ce, wato takardar hukuma ta mallakar fili, ba za ta ba ni izinin gini ba. Laifina ne, na biya kafin in tambaya, tambayar da ba ta ci mani komai ba sai kuɗin kabu-kabu.

Karɓo kuɗin ya zama wani aiki. Mai gona ya ce ya riga ya yi hidimar aure da su, dillali ya daina ɗaukar waya, sai da muka zauna gaban mai unguwa sau uku sannan na samu jika 100, sauran 50 na yafe don na gaji.

Yanzu na samu wani ta hanyar Mirya, ya fi tsada kusan ninki biyu kuma ƙarami ne, amma born huɗu suna nan da lambarsu, na gani a taswira da idona kafin in fidda ko dala. Katanga kawai na yi tukuna. Rannan na bi ta wancan wurin na tarar wani ya kai linta a daidai parsel ɗin, na tsaya na gaya mishi abin da Kawu ya zana mani, ya saurara har ƙarshe ya ce Allah ya kiyaye, ya juya ya ce wa yara su ƙaro siminti.