Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hannun Ƙasa

Makon jiya mun rabu ina tsaye a wajen Bata, ƙafata ba takalmi, ina kallon hayaƙi yana tashi daga Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ranar Asabar ce, 26 ga Maris, 2016. Shagona na takalma da jakunkuna yana cikin dubban shagunan da wutar ta lashe, kuma kwana huɗu kafin nan na sauke kaya daga Aba, rabinsu bashi ne. Komai ya ƙone a ranar, sai abu guda da wuta ba ta taɓa ba, shi ne girman kaina.

Kafin gobara ni mutum ne mai kyauta, duk unguwarmu a Rijiyar Lemo an san da haka. Da azumi nakan raba gero da sukari, da salla in yi wa marayu ɗinki. Lasifikar masallacin layinmu ni na saya. Hadisin da ya fi zama a bakina shi ne wanda Manzon Allah (SAW) ya ce hannun sama ya fi hannun ƙasa alheri. Hadisi ingantacce ne, ba ja. Amma yau da na waiwaya na gane ina ƙaunarsa ne saboda a ganina ni ne a sama. Kyautata ta tagar mota nake miƙa ta. Ban taɓa zama a tabarmar majalisar ƙofar gidanmu ba, asuba kuma a ɗaki nake yin ta, wani lokacin har rana ta leƙo.

Da 'yan jaje suka fara zuwa, kwana biyu na iya jurewa. Mai cewa "Allah ya mayar da alheri", mai cewa "Allah ya sa kaffara ce". Ina amsawa da amin, amma kowace kalma ji nake kamar ana zare min riga a tsakiyar kasuwa. Rana ta uku na ce a riƙa cewa ba na nan.

Bayan mako guda liman ya yi sallama da kansa bayan sallar isha'i. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya zauna a zaure, ya yi addu'a, sannan ya zaro ambulan daga aljihun gaba ya ajiye kusa da gwiwata.

"Alhaji, jama'ar masallaci ne suka ce a kawo maka. Ba yawa."

Ban ko taɓa ta ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba waɗanda suka fi ni buƙata. Ni alhamdu lillahi."

Ya dube ni jim, ya mayar da ambulan aljihunsa. "To, Alhaji. Allah ya rufa asiri." Ya saka takalmansa ya fita. Na koma ciki ina jin na kare mutuncina.

Na sayar da mota na rage bashi. Shekarar kuwa kowa ya san ta, dala ta tashi, shinkafa ta yi tsada, masu shago ma kuka suke, balle wanda shagonsa ya zama toka. Kullum nakan saka babbar riga in fita kamar mai zuwa wani wuri, in je in zauna a wani masallaci can nesa da unguwa inda ba wanda ya san ni, in dawo da magariba. Abin da ban tambaya ba shi ne daga ina tuwon da nake tararwa yake fitowa. Tsoron amsar nake yi.

Wani dare barci ya ƙi zuwa, ga zafi, ga ba wuta. Wajen ƙarfe uku na ji motsi a tsakar gida. Na fito na tarar da uwar 'ya'yana a durƙushe gaban murhu, ta saƙale fitilar waya a ƙusa. Ta riga ta tace niƙan waken suya, madarar tana tafasa a babbar tukunya, tana zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan tana kallon yadda take dunƙulewa. A gefe ga wata awarar a ƙulle cikin ƙyalle, ta ɗora mata dutsen niƙa tana tsanewa. Zufa ta jiƙe mata ɗankwali. Wannan sana'ar shekaru da suka wuce ta roƙe ni ta yi, na ce matar Alhaji ba ta soya awara.

Na ɗaga murya cikin daren nan. Na ce so take ta tona min asiri, so take a ce na gaza. Ba ta daina juya tukunyar ba sai da na gama. Sannan ta ce, a hankali don kada yara su tashi:

"Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina cin naka, ban taɓa jin kunya ba. Wata biyu ka ci nawa, shi ne ya zama abin kunya?"

Na rasa abin cewa. Na tsaya ina kallon hannunta, duk ga tabon mai. A ranar na lura babu 'yan kunnenta na gwal, waɗanda mahaifiyarta ta ba ta da aure.

Azumi ya kama farkon watan Yuni. Na shiga cikin gari gaida surukina, malamin allo ne da ya tsufa a zaurensa. Na cire takalmi tun daga waje, na zauna a ƙasa nesa da buzunsa. Ashe labarin ambulan ya riga ni isa. Bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Alhaji, ɗaga hannunka ka yi mana addu'a."

Na ɗaga.

"Tsaya haka. Dubi tafinka. Ina yake kallo?"

Na ce, "Sama, Baba."

"Almajiran nan nawa in sun je bara, yaya suke riƙe nasu?"

Na yi shiru. Ya karanto ayar nan ta Suratu Faɗir, inda Allah yake cewa ya ku mutane, ku ne mabuƙata zuwa ga Allah, Allah kuwa shi ne Mawadaci, Abin godiya. Ya ce duk wanda ka gani hannun ƙasa ne da shi, wanda Allah ya ba dukiya aike ne aka ba shi ya kai. "Kai an aike ka shekaru, ka kai. Yanzu an aiko wasu gare ka, ka ce ba ka nan. Ladan nasu fa, da wane haƙƙi ka hana su?" Ya tuna min Nana Khadija ta tallafi Annabi (SAW) da dukiyarta, bai daina ambatonta da alheri ba har bayan rasuwarta. Kafin in tashi ya sa na maimaita addu'ar da Ummu Salama ta yi bayan rasuwar mijinta, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, har sai da ta zauna a bakina.

Washegari bayan sahur na fita masallacin layinmu. Ta lasifikar da na saya ake kiran sallar, amma rabona da amsa ta a wannan lokaci har na manta. Na tsaya a sahu na biyu tsakanin mai shayi da mai wankin hula. Da na kai goshina ƙasa na kasa tashi da wuri. Shekara talatin ina sujada, sai ranar na ji ina roƙo.

Da aka watse na matsa kusa da liman. Bakina ya yi nauyi. Na ce, "Allah gafarta Malam, saƙon nan na kwanaki..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya miƙa hannu bayan kantar da ake jera Alƙur'anai ya zaro ambulan ɗin, ta yi ƙura. Wata biyu da rabi tana nan. "Mun san za ka zo," in ji shi.

A ciki akwai takardar da aka yago daga littafin makaranta, an jera sunaye. Mai ɗari biyar, mai dubu, mai ɗari biyu. Can ƙasa na ga an rubuta "mai ga-ruwa". Bawan Allah ne mutumin Nijar da yake tura kurar jarkoki a layinmu, wanda shekara da shekaru yana shiga gidana da ruwa ban taɓa tambayar sunansa ba. Na zauna a kan tabarmar masallaci na yi kukan da ban yi ba ranar gobara. Liman bai ce in yi haƙuri ba, ya bar ni, ya ci gaba da jan carbinsa.

Kuɗin ba za su ta da shago ba, kowa ya sani. Amma da aka haɗa su da kwasar adashin maiɗakina, sun isa in ba da kafin alƙalami a ba ni a-daidaita-sahu ta wani maƙwabci, in riƙa kai masa balas kullum. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, keken nan ya zama ƙafar talakan gari, ni kuwa a da in ina cikin mota ba abin da nake tsana kamar direbobinsa. Yaron da ya koya min tuƙi bai wuce shekara ashirin ba. A filin makarantar firamare muke yi bayan asuba, yana zaune a gefena yana cewa, "Baba, sassauta hannunka, ba faɗa ake da ita ba." Ranar da na gama koyo na tsaya ƙofar gida na loda bokitan awara biyu da kaina, na kai wa masu sari a Kurna. Maiɗakina tana leƙe ta bayan ƙyaure, ba ta ce komai ba, sai hannu da ta ɗaga min.

Kiran fasinja ne ya fi ba ni wuya. Ranar farko na hau titin Katsina, na buɗe baki in ce "Bata! Bata!" murya ta maƙale. Sai da na wuce Ƙofar Ruwa ba kowa a baya, sannan na yi bisimilla na kira da ƙarfi. Mata biyu suka shiga, suka sauka, na karɓi kuɗina na farko da hannu biyu.

Da la'asar sakaliya, ina daf da kasuwar da ban taka ba tun ranar wuta, wani ya ɗaga min hannu ya faɗa baya yana waya. Muryar na fara ganewa. Maƙwabcin shagona ne, ɗan ƙabilar Ibo, wanda muka yi shekara takwas bango ɗaya, kuma har a lokacin yana bina kuɗin katan shida na takalma. Na ja hulata ƙasa. Ya gama wayar, ya leƙo ta madubi, ya daɗe yana kallo, sannan ya dafa kafaɗata.

"Alhaji? Kai ne? Wata uku ina nemanka. Tsaya, tsaya a nan."

Abin da ya faɗa min a bakin titin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.