Godiyar ƙungiyar mawaƙa bayan daren yabo na damina

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

A madadin ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiyarmu nake miƙa godiya ga duk wanda ya taka ruwa da taɓo ya zo daren yabon da muka yi ranar Asabar. Wata uku muna koyon waƙa, Talata da Alhamis, ga shi Allah ya nuna mana ranar.

Wanda ya zo ya ga abin da ya faru. Muna tsakiyar waƙar Halleluya ta Handel, mai tsara waƙoƙi na Turai, wadda aka fara rerawa a Dublin a 1742, jama'a duk sun miƙe tsaye, sai ruwa ya kece a kan kwanon majami'a, aka ɗauke wuta, ogan ya yi tsit. Gabana ya faɗi. Amma masu murya ta huɗu, wato maza masu kaurin murya, ba su saki layinsu ba, sauran suka bi su, muka ci gaba cikin duhu, da hasken wayoyin jama'a a kan takardun solfa, wato rubutun do-re-mi na waƙar. 'Yan'uwana mawaƙa, ban san kun riƙe waƙar nan a ka haka ba sai daren. Allah ya ƙara muku murya.

Baba mai kaɗa mana ogan, mun gode ƙwarai. Na ga yadda kuka bar yatsunku a kan madannai kuna jira, aka tayar da janareta kuwa kuka shigo daidai kan muryar da muka kai, ba ku sa mun sake farawa ba. Ɗana da ya fita cikin ruwan ya ja igiyar janareta, ya dawo jagab yana rawar ɗari, Ubangiji ya sāka maka.

Iyayenmu Zumuntar Mata, da tulunku da kacau-kacau kuka ɗaga waƙoƙin Hausa na Littafin Waƙoƙi har dattawa suka share hawaye, ga kunun gyaɗa mai zafi bayan an tashi. Rabaran da dattawan ikilisiya, mun gode da addu'a. Maƙwabcinmu Alhaji da ya ba mu aron benci ashirin, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, Allah ya bar zumunci.

Baikon daren zai tafi gyaran ogan, madannai biyu sun daɗe suna maƙalewa. Masu rigunan waƙa a gida, a wanke a kawo ranar Talata da ƙarfe huɗu.